Sinimar Palace da Gidajen Kallon Karkarar Kano: Abin da Suka Koma

A unguwar Jakara, cikin birnin Kano, akwai asibitin haihuwa mai ɗauke da sunan Sabo Bakin Zuwo. Kafin 1983 wurin gidan sinima ne, sunansa Palace, kuma shi ne na farko da aka gina a cikin ganuwa. Kimanin shekara talatin ya yi yana tara samari da daddare, sannan gwamnati ta rufe shi ta mayar da shi wurin duba marasa lafiya. Duk Kano babu gidan nishaɗin da sauyin aikinsa ya yi suna kamar wannan, amma ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Sauran manyan sinimomin birni sun bar aikinsu na asali ɗaya bayan ɗaya, haka ma ƙananan gidajen kallon da suka bazu a garuruwan arewacin jihar, irin su Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Dawakin Tofa da Minjibir, inda ɗaki guda kan sauya sana'a sau uku ko huɗu a hannun mai shi ɗaya.

Sinima ta fara ne a bayan ganuwa

Gidan sinima na farko a Kano shi ne Rex, wanda aka buɗe a 1937. 'Yan kasuwa Kwarori, wato mutanen Labanan, su ne suka riƙe wannan sana'a tun farkonta, kuma a yankin Sabongari da Fagge suka kafa gidajensu. Dalilin bai ɓuya ba. Tsarin mulkin Turawa ya raba Kano gida uku: birni na Musulmi a ƙarƙashin Sarki, Sabongari ta baƙi 'yan kudu, da unguwar Turawa. Giya da rawa da duk abin da birni ba ya so a gani a ƙofar gidansa, a waje ake ajiye shi. Sinima ta shigo ta zauna a cikin wannan rukuni, ta kuma ɗauki sunan da maƙwabtanta suke da shi tun kafin jama'a su san abin da ake nunawa a ciki.

Ginin irin waɗannan gidaje ba shi da wuyar siffantawa. Galibi fili ne babba da aka kewaye da doguwar katanga, babu rufi a kan mafi yawansa, da farin bango a gaba wanda hoto ke sauka a kai, da ɗan ɗaki a sama ta baya inda na'ura take. Saboda haka sai rana ta faɗi ake kallo. Wurin zama kuwa gwargwadon aljihu ne: masu ƙaramin kuɗi a gaba kan benci ko daɓe, masu hali a baya kan kujeru. Daga shekarun 1950 fina-finan Indiya suka mamaye allon, suka zo suka tarar da na kaboyi daga Amurka, daga baya na Sin masu faɗa suka biyo.

Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya ana tsakar kallo. Wutar ta fara ne daga ɗakin na'ura, fim na wancan zamani kuwa abu ne mai saurin kamawa. Cikin mutum kusan 600 da ke ciki, 331 suka rasu, da yawansu a turmutsutsun neman ƙofa. Gwamnati ta yi bincike ta ba da bayani na na'ura da na fasalin gini, amma a bakin jama'ar gari wani bayani ne ya zauna: an ce azaba ce ta sauka a kan masu kallon abin da bai halatta ba. A cikin wannan yanayi, a farkon shekarun 1950, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Palace a Jakara, a tsakiyar birni, kusa da Kasuwar Kurmi.

Malamai da dattawan unguwanni sun ƙi abin tun ana gini. A ganinsu abin da aka killace a Sabongari ne aka ɗauko aka dasa a tsakar gida. Ƙin bai hana samari zuwa ba, amma ya yanke wa gidan irin mutanen da za su shige shi. Magidanci mai kare mutuncinsa ba ya son a gan shi a bakin ƙofar, ɗalibin ilimi ma haka. Mace kuwa, in dai matar aure ce ko budurwar da ke gaban iyayenta, ba ta doshi wurin ba sam. Wadda duk aka gani a ciki, an riga an yanke mata hukunci. Wannan tabo ya bi Palace har ƙarshen rayuwarta, ya kuma ƙara kauri a shekarun baya, lokacin da aka riƙa danganta kewayenta da 'yan daba da shaye-shaye.

Wata uku na Sabo Bakin Zuwo

Alhaji Sabo Bakin Zuwo ɗan siyasa ne da ya taso a NEPU, ya zama sanata a 1979 a ƙarƙashin PRP ta Malam Aminu Kano. A zaɓen 1983 ya kayar da Abubakar Rimi, wanda ya bar PRP ya koma NPP, aka rantsar da shi gwamna ranar 1 ga Oktoba. Ranar 31 ga Disamba sojoji suka yi juyin mulkin da ya kawo Janar Muhammadu Buhari. Mulkin Sabo ke nan, wata uku. Cikin wannan ɗan lokaci ya rufe Palace ya mayar da ita asibiti, kuma abin ya yi wa mutanen birni daɗi ƙwarai.

Ana iya ganin dalilin farin jinin matakin. Sabo mutumin birni ne, ya san abin da ke damun unguwannin da ke kewaye da Kurmi: lunguna a cushe, jama'a da yawa, babban asibitin da ake dogaro da shi kuma shi ne na Murtala, wanda kullum a cike yake. Fili mai faɗi irin na sinima, a tsakiyar gari, a bakin hanya, abu ne da ba a samu cikin sauƙi. Da sa hannu ɗaya ya kawar da abin da dattawa suka shekara talatin suna kuka da shi, ya kuma ba unguwa abin da take buƙata. Ko masu sukar gwamnatinsa, waɗanda ba kaɗan ba ne, ba su cika taɓa wannan aiki ba. Sabo ya rasu a 1989, asibitin kuma yana amsa sunansa.

Sauyin da ya fi girma a nan shi ne na masu shiga. Wurin da macen kirki ba ta taɓa takawa ba ya koma wurin da mata suka fi kowa zuwa: masu awon ciki da safe, masu naƙuda da tsakar dare, kakanni da ƙannen miji riƙe da kwanon abinci da fulas ɗin ruwan zafi. Mazan da a da suke layin tikiti, yanzu su ne ke tsaye a waje suna jiran labari. Lokacin aikin ma ya juya, daga sa'o'i kaɗan bayan isha'i zuwa dare da rana.

Sauran sinimomin birni ba gwamna ne ya rufe su da hannunsa ba. Kasuwa ce ta janye musu a hankali. Dokar 1972 ta zamanin Janar Gowon ta keɓe mallakar gidajen sinima ga 'yan ƙasa. Talabijin ta shigo gidaje a shekarun 1970 da 1980. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, shigo da fim daga waje ya yi tsada, na'urori suka tsufa babu kayan gyara. Sai kaset ɗin bidiyo ya zo, aka kuma fara fim ɗin Hausa a kansa da Turmin Danya a 1990. Gidaje irin su Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado sun ɗan farfaɗo da nuna sababbin fina-finan Hausa kafin a sake su a kasuwa, amma bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 da kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jiha a 2001, sharuɗɗan buɗe gidan kallo sun ƙara tsauri, musamman kan cuɗanyar maza da mata. Mai fili a Fagge ko bakin kasuwa da ya yi lissafi sai ya ga hayar shaguna ta fi kuɗin tikiti nesa ba kusa ba. Wanda ya ce zai je Wapa a yau, canjin dala ko riyal zai yi, kuma yawancin matasan da ke hada-hada a wurin ba su taɓa kallon fim a sinimar da ta ba unguwar suna ba.

Karkara: daga dandali zuwa ɗaki mai ƙofa

Arewacin Kano ƙasa ce da ta daɗe a cike da mutane. Daga Ungogo zuwa Ɗambatta, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, da wuya a yi tafiya mai nisa ba a ga gida ko gona ba. Ba a barin gona ta huta. Kowace shekara ana nomanta, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar gari, wadda a da jakuna ke ɗaukowa daga birni bayan sun kai itace. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, gawo da ɗorawa da kuka a tsakaninsu. Mutanen da suka saba da irin wannan tattali ba sa barin gini a banza, kuma wannan ɗabi'a ce ke bayyana tarihin gidajen kallonsu.

Nishaɗin ƙauye na asali ba shi da gini. Dandali ne: gaɗar 'yan mata a farin wata, kiɗan kalangu, kokawa da dambe bayan an kai amfanin gona gida, kalankuwa da kaka, tashe da azumi. In za a karɓi kuɗin shiga, kamar a wasan dambe, sai a kewaye fili da zana, in an gama a naɗe. Hoto mai motsi ma a dandali ya fara sauka. Majigi, wato motar gwamnati mai ɗauke da na'ura da injin wuta da farin ƙyalle, ta riƙa zagaya gundumomi tun zamanin Turawa, ta ci gaba a zamanin gwamnatin Jihar Arewa. Ana sanar da hakimi, shi kuma ya sanar da dagatai da masu unguwanni. Bayan magariba a kafa allo a ƙofar fada ko filin makaranta, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa ta lasifika. Ana nuna tsafta da rigakafi da yaƙi da jahilci da rangadin Sardauna, da fina-finai irin su Baban Larai mai koyar da ingantaccen noma.

Majigi ba ta gamu da ƙyamar da sinima ta gamu da ita ba, ko da yake na'urar kusan iri ɗaya ce. Kyauta ce, a fili take, da izinin sarauta ta zo, kuma kowa yana ganin wanda ya zo da inda ya zauna. Yara a gaba, manya a baya, mata a gefe. Babu katangar da za a ce wa ya san abin da ake yi a bayanta.

Katanga ta zo ne da bidiyo. A shekarun 1990, wanda ya dawo daga cirani da ɗan jari, ko ɗan kasuwar da ke da shago a bakin tasha, sai ya sayi talabijin da na'urar kaset da ƙaramin janareta. Ya samu wani zaure da ba a amfani da shi, ko ya kafa rumfa ta langa-langa a bayan kasuwa, ya jera bencina, ya rataya buhu ko labule a ƙofa, ya sa yaro yana karɓar kuɗi. A allo na katako a waje ake rubuta fim ɗin yau da alli. Ranar kasuwa, kamar Lahadi a Ɗambatta, ita ce ranar ciniki, domin samarin ƙauyukan kewaye sun shigo da kuɗi a hannu, kuma ba kowa ke gaggawar komawa ba. Indiya da Sin su ne jari na farko, fim ɗin Hausa ya zo ya tarar da su.

Nan take tsohon zargin ya biyo. Iyaye suka ce yara na satar kuɗin cefane, malaman allo suka ce almajirai na tsere wa karatun dare, limamai suka yi huɗuba. A gari ƙarami kuwa ƙorafi ba ya tsayawa a iska: mai gidan kallon ɗan wane ne, ana kiransa gaban mai unguwa ko dagaci, a gindaya masa sharaɗi. Kada a buɗe lokacin salla, kada a bar yara bayan ƙarfe kaza, kada mace ta shiga. Bayan kafa Hisba a dokance a 2003, sai sa idon ya samu ma'aikata masu kaki.

Abin da ya ceci sana'ar, ya kuma ɗan wanke ta, shi ne ƙwallon ƙafa. Da faifan CD ya yi arha, gidaje da yawa suka mallaki na'urarsu, fim ya koma cikin ɗaki inda mata suka zama manyan masu kallonsa. Wasan Turai kuwa sai da tauraron ɗan'adam da kuɗin wata na DStv, abin da mutum ɗaya a ƙauye ba zai iya ɗauka ba, amma mutum hamsin za su iya in kowa ya kawo nasa. Zuwan Nwankwo Kanu Arsenal a 1999 ya jawo wa ƙungiyar magoya baya har cikin ƙauyuka, daga nan aka rarrabu tsakanin Chelsea da Manchester United da Barcelona da Real Madrid. Gidan bidiyo ya zama gidan ƙwallo. Malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma da magidanci mai 'ya'ya suka fara shiga ba tare da jin kunya ba, domin babu rawa babu waƙa, gardama ce kawai da ihu. An ƙara talabijin ta biyu da ta uku don a nuna wasa biyu lokaci guda, aka ɗaura fanka, masu shayi da masu tsire suka kafa teburinsu a ƙofa.

Abin da ɗakin ke komawa

Wayar hannu ce ta sake sauya lissafin. Fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa, da shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, yanzu a waya ake kallonsu, ana turo su a katin ajiya da kuɗi kaɗan ko a sauke daga YouTube. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kai Daɗin Kowa cikin gidaje. Kullen korona na 2020 ya rufe wuraren taruwa na wani lokaci. Cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 ya ninka kuɗin tayar da janareta, kuɗin wata na tashoshin ƙwallo kuma yana ta hawa. Gidajen da suka tsira su ne na manyan garuruwa, da waɗanda suka iya sa sola. Na ƙananan ƙauyuka da yawa sai ranar babban wasa suke buɗewa, wasu kuma sun daina.

Gidan kallon da ya daina aiki yana barin abubuwa uku masu daraja a karkara: ɗaki mai faɗi wanda babu bango a tsakiyarsa, ƙofa mai kulle a bakin hanya, da wayar wuta da janareta. Sabon aikinsa daga cikin waɗannan yake fitowa. Mafi sauƙi shi ne cajin waya, domin kayan aikin suna nan. A buga katako mai soket da yawa a bango, a ƙara kwamfuta ta tura fina-finai, wani lokaci da na'urar POS ta cirar kuɗi. A nan mai gidan bai bar sana'arsa ba, kallon ne ya koma aljihun abokan cinikinsa, shi kuma yana sayar musu da wuta da abin kallo.

Na biyu shi ne sito. Yankin yana da kasuwar hatsi ta Dawanau a ƙofarsa, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma duk mai ɗan jari ya san ribar sayen wake ko gero ko riɗi da kaka a ajiye zuwa bazara. Ɗakin da ya ɗauki mutum sittin a benci zai ɗauki buhuna masu yawa. A kusa da madatsun ruwa, irin su Watari a Bagwai da Tomas a yankin Ɗambatta da Makoɗa, inda ake noman rani, buƙatar wurin ajiye taki da injin ban ruwa da shinkafa ta fi haka ƙarfi. Akwai ma inda ake raba shekara: sito daga kaka zuwa lokacin da farashi ya tashi, in an kwashe kaya a mayar da bencina. Matsalar kawai ita ce kakar ƙwallon Turai tana farawa a Agusta ta ƙare a Mayu, wato ta haɗu da lokacin ajiya kusan gaba ɗaya, don haka dole mai ɗaki ya zaɓi wanda ya fi kawo kuɗi a shekarar.

Na uku, wanda ya fi kama da abin da ya faru a Jakara, shi ne makaranta. Islamiyyu sun yawaita a karkarar Kano, kuma kullum suna neman ɗaki. Tsohon gidan kallo yana da bencina a jere suna fuskantar bango guda, abin da aji ke buƙata ke nan; allo kawai za a shafa wa baƙin fenti. Wani lokaci haya ake biya, wani lokaci mai wurin ne ke bayarwa sadaka, musamman in shekaru sun ja ya fara tunanin abin da zai tarar, ko magada su bayar da sunan mahaifinsu. Da safe ko da yamma yara, da daddare matan aure. A nan ma ɗakin da aka haramta wa mata shi ne ya koma inda suka fi zuwa, kuma limamin da ya yi huɗuba a kansa yana iya zama shi ne mai buɗe shi da addu'a.

Akwai ayyukan wucin gadi da ke shiga tsakani. Duk shekarar zaɓe ana shafa wa irin waɗannan ɗakuna fentin jam'iyya su zama ofishin mazaɓa na 'yan watanni, a yi taro a raba abin da za a raba, bayan zaɓe a kulle. Wasu sukan zama wurin injin niƙa ko na casar shinkafa, wasu shagon tela mai kekuna da yawa, wasu wurin kiwon kaji, ko da yake rufin langa-langa da zafin bazara ba sa yi wa kaji daɗi sai an huda tagogi, abin da gidan kallo ba ya da shi tun asali saboda duhu yake so.

Gado ma yana da hannu a ciki. Ginin da mutum ɗaya ya yi, in ya rasu, na 'ya'ya da yawa ne, kuma ɗaki mai faɗi ba ya rabuwa sai da bulo. Sau da yawa ƙarshen gidan kallo shi ne a ja bango biyu a ciki, a fasa ƙofofi uku ta bakin titi, kowane magaji ya karɓi shago. A garuruwan da ke kan manyan hanyoyi, ta Katsina wadda ta ratsa Bichi da Tsanyawa, da ta Daura wadda ta bi ta Ɗambatta da Kazaure, darajar filin bakin titi ta kai inda ake rushe rumfar gaba ɗaya a yi jerin shaguna na siminti.

A birni sinima ta dawo da wata kama, a cikin manyan kantuna irin na Ado Bayero Mall, da sanyin na'ura da kujeru masu laushi da tikitin da ya fi ƙarfin yawancin masu zuwa Palace a da. Karkarar arewacin Kano ba ta ga irin wannan ba. Kallon taro da ya rage mata shi ne na ƙwallo a gidajen da suka iya riƙe kuɗin wuta, da damben kaka wanda har yanzu zana ko buhu ake kewaya masa, da majigin 'yan siyasa da na masu wa'azi da na ma'aikatan lafiya, waɗanda kan kafa allo a filin makaranta su nuna abin da suka zo da shi kyauta.